Kabarin da Mata Suka Haƙa

Ban taɓa leƙa cikin kabari ba sai ranar da na haƙa ɗaya da hannuna. A ƙauyenmu, can cikin ƙasar Ollelewa, mace ba ta zuwa maƙabarta. Iyakarta ƙofar gida. Tana ganin an ɗauki gawa an sha kwana da ita, sai ta koma ciki ta shimfiɗa tabarma ta zauna karɓar gaisuwa. Mu Kiristocin garin ma haka muka tashi muka tarar, haka muka bi, don ba daga sama muka faɗo ba. Ƴan Damargu ne mu kamar kowa, hatsi ɗaya muke ci, rijiya ɗaya muke ja. Ƴan gidaje ne kawai, muna da ɗan ɗakin sujada na laka a gefen gari.

Babana shi ne mai dagin garinmu. Dagi ne na ƙarfe, dogo, bakinsa ya cinye don aiki, kullum yana jingine a bayan ƙyauren ɗakinsa. Da an ji kuka ya tashi a wani gida, kafin a gama auna mamacin da kara, Baba ya riga ya saɓa dagi ya yi gaba. Ba sana'a ba ce, hali ne kawai. Yana saurayi ya tafi wajen Maraɗi neman maganin gyambo, ya dawo ƙafa ta warke, ya kuma dawo yana bin Almasihu. Aka yi surutu, aka gaji, aka bar shi. Ya ci gaba da nomansa, ya ci gaba da haƙa wa mutane kabari, har tsohon limamin garin shi ya haƙa masa. Da innata ta rasu, maƙwabta ne suka haƙa mata a gefen maƙabartar gari, ba wanda ya ce uffan.

Abin ya canza ne shekarar da aka ƙona mana ɗakin sujada. Samari ne suka zo daga wani wuri a kan motoci masu ƙafa biyu, wasu ƴan garinmu suka bi su, yaran da na san iyayensu, na ci tuwon sunansu. Muna tsaye muna kallo rufin ya ci wuta ya rufta. Ƙannena maza suka ruga ɗauko sanduna, Baba ya tsaya musu a ƙofar gida ya ce wanda duk zai fita sai ya tsallake shi. Ni da ba ni da sanda, bakina na buɗe, kuma Allah ya yi ni da baki. Shi ma Baba ya rufe mini shi da kallo ɗaya. Da wutar ta mutu, ya shiga cikin toka ya zaro sandunan rufin da ba su gama ci ba, ya kai gida ya jingine. Lahadi na zuwa muka taru a cikin bangon da ba rufi muka yi sujada, rana na dukanmu.

Bayan haka sai magana ta bazu cewa a daina cuɗanya da mu: kada a ci abincin sunanmu, kada a ɗauki gawarmu, kada mu taɓa tasu. Zan faɗi gaskiya, ba kowa ya so abin ba. Da yawa tsoro ne ya kama su, kada a nuna su da yatsa. Amma wanda aka juya wa baya, ba ruwansa da ko tsoro ne ko ƙiyayya, bayan dai yake gani.

Mutuwar farko da aka yi bayan nan, Baba ya saɓa dagi kamar kullum. Aka tare shi a bakin maƙabarta aka ce ya koma. Ya dawo ya jingine dagin, ranar bai ci kome ba. Da aka sake yin mutuwa, sai na ga ya sake miƙa hannu bayan ƙyaure.

Na ce, "Baba, don Allah ina za ka? Korar da aka yi maka ba ta isa ba?"

Ya ce, "Ai ba mamacin ya kore ni ba."

Ya tafi, aka sake maido shi. Haka ya yi ta yi har ƙarfinsa ya ƙare. Ni dai duk ranar da na ga ya dawo da dagin nan babu ƙasa a bakinsa, sai in ji kamar in kama da wuta.

Ya rasu ne a tsakiyar bazara, bayan asuba, lokacin da ƙauyukan Damargu ke zama na mata da tsofaffi. Mazanmu duk sun tafi ci-rani. Maigidana yana Aljeriya, ƙanena ɗaya yana Libiya, ɗayan yana wajen haƙar zinariya a arewa inda ko waya ba ta shiga. A duk gidajen masu bi namiji ɗaya ya rage, wani dattijo makaho, abokin Baba tun suna yara. Fastonmu a Tanut yake zaune, yana zagaya ƙauyuka da moto, wato babur. Na hau kan tudu inda ake samun rezo, inda waya ke kamawa, na kira shi, ashe ya tafi taro Damagaram. Ya ce ko ya taso yanzu ba zai iso ba sai gobe. Ya yi mini addu'a a waya, muryarsa na yankewa, ya ce mu yi abin da za mu iya.

Gobe ba magana ba ce. A zafin nan, ko nama aka yanka da safe ba ya kai yamma lafiya. Dole Baba ya shiga ƙasa kafin rana ta faɗi.

Na ja mayafi na tafi ƙofar maigari, na durƙusa a bakin zaure. Mutum ne mai kunya, Baba ne ya haƙa wa uwarsa kabari, kuma ya san na sani. Bai iya kallona ba.

Ya ce, "Ɗiyata, Allah ya ba ku haƙuri. Amma maƙabarta kam, kin san yadda gari yake yanzu. In na ce i, ba ni kaɗai ne mai magana ba. Ku kai shi Tanut mana, can akwai wurin mutanenku."

Na ce, "Ranka ya daɗe, da mi? Mota sai ran kasuwa. A amalanke kake so in jijjiga tsohon nan wuni guda cikin rana?"

Ya sunkuyar da kai yana wasa da carbi.

Na ce, "To a ba mu maza su haƙa mana a gonarsa. Gonarsa ce, ta gado."

"Gona kam tasa ce, ba mai hana ku." Ya kawar da kai. "Maza ne dai ban sani ba."

Na buɗe baki zan fara jero masa gidajen garin nan ɗaya bayan ɗaya, in tambaye shi wanne ne dagin Baba bai yi wa aiki ba. Sai na ji an dafa mini kafaɗa. Iya ce, ashe ta biyo ni. Iya ita ce uwar matan zumuntarmu ta masu bi, matar mai bisharar farko da ya zo garin, mijin ya daɗe da rasuwa ita ta ƙi komawa garinsu. Ƴar firit ce, ba haƙori ko ɗaya, goro ma sai an daka mata. Ban taɓa jin ta ɗaga murya ba, kuma ban taɓa ganin wanda ya ƙetare maganarta ba.

Ta ce wa maigari, "Mun gode, ranka ya daɗe." Ni kuma ta ce mini, "Tashi. Rana tana yi."

A hanya na ce, "Iya, godiyar mi kika yi masa?"

"Ya ce gona tamu ce. Ita muka zo nema."

"Wa zai haƙa?"

Ta dube ni sama da ƙasa. "Ke da kike dakan gida biyu kafin hantsi, ƙasa ce za ta gagare ki?"

Da muka koma gida na tarar da Baffa a ƙofa, ƙanen Baba uwa ɗaya uba ɗaya, amma shi Musulmi ne. Tun shekarar wutar bai sake shiga gidanmu ba, sai dai su gaisa da Baba ta kan iyakar gona, don gonakinsu a jere suke. Yana tsaye, idonsa ja. Ya ce, "Allah ya ba ku haƙuri." Na jira ya ce Allah ya jiƙansa, bai ce ba. Na wuce shi na shiga gida.

Dattijo makaho ne ya yi wa Baba wanka, da lalube, ni ina miƙa masa ruwa ta bayan zana. Ina jinsa yana yi wa Baba hira ƙasa-ƙasa kamar suna zaune a inuwa. Da ya gama muka naɗe shi da farin ƙyalle. Iya ta ɗauko kara ta auna tsawonsa ta karya, don wannan kam mun sha gani ana yi. Ta tara matan a tsakar gida ta ce, "Yau ba wadda za ta tanka wa kowa. Wadda bakinta ya yi mata ƙaiƙayi ta yi waƙa." Ba ta kalle ni ba, amma kowa ya kalle ni.

Muka fita da fartanya da felu, wato shebur, da gatari da ƙore. Ni na ɗauki dagin. Ban san yana da nauyi haka ba.

Gonar Baba ta fara daga kan tudu ne ta gangara zuwa wani fako inda wata aduwa take. Mu da wayonmu na mata sai muka zaɓi kan tudu. Mun ce wurin ya fi kyau, ana hango gari, kuma ƙasar taushi gare ta, rairayi ne, ko da hannu ka tona. Na aza karan a ƙasa zan ja layi, sai wata ta tambaya ina kai zai duba. Muka tsaya cirko-cirko. Mun san Musulmi gabas suke fuskantar da nasu, amma namu ba wadda ta taɓa gani.

Na ce, "Ko'ina ban da gabas."

Iya ta ce, "Ke da wa kike faɗa, da gabas? Ja layinki yadda ya zo miki. Wanda zai tashe shi ba zai ɓata hanya ba."

Muka fara. Da farko har abin ya ba mu ƙarfin gwiwa, rairayi na fita kamar ana kwasar gari. Muna haƙa muna kwashewa da ƙore, ramin ya kai mini gwiwa, ya kai cinya. Har na fara cewa a raina ashe abin da maza ke yi mana fankama da shi ke nan. Ina cikin ramin ya kai mini ƙugu, sai na ji wani abu ya yi sululu a bayana. Bango guda ya zubo, ya binne ni har gwiwa. Aka ja ni aka fitar. Muka kwashe, muka ci gaba, ɗayan bangon ma ya zubo. Duk abin da muka fitar sai ya dawo, bakin ramin yana ta faɗi, zurfin yana nan inda yake. Abin da muka haƙa ya fi kama da wurin da jaki ya yi birgima.

Rana ta take tsaka. Ƙarfen felu ba ya taɓuwa, tafin hannuna ya yi bororo ya fashe. Wata amarya a cikinmu ta zauna daɓas ta fashe da kuka, ta ce mu haƙura mu nemi amalanke. Na tuna Baba yana can kwance a ɗaki, zafi na aikinsa. Tsoro ya kama ni, tsoron da ban ji ba ko ranar wuta, cewa mutumin da ya rufa wa garin nan asiri duk rayuwarsa zai lalace a kan gadonsa don ba a samu ramin da za a sa shi ba. Na yi jifa da felu, na juya na fuskanci gari, na ja numfashi. Da na saki abin da ke bakina, da har masu tallar fura sun ji.

Sai Iya ta ɗauki waƙa. Muryarta duk ta dushe, kamar ana jan ƙyauren kwano, kuma ba ta taɓa iya kama waƙa daidai ba. Tana durƙushe a bakin ramin tana kwasar rairayi da ƴar ƙwarya tana zubarwa, rairayin na komawa, tana sake kwasa. Matan suka amsa ɗaya bayan ɗaya, har mai kukan. Ni ban yi waƙar ba, ba zan yi ƙarya ba. Amma na sunkuya na ɗauki feluna.

A lokacin ne na lura da Baffa. Yana cikin gonarsa, can ƙetaren layin gamba da ya raba su da Baba, wai yana sharar gona. Wa ke sharar gona da tsakar rana a bazara? Jakinsa na tsaye kusa da shi da bido biyu, wato jarkokin ruwa, a rataye. Bai dube mu ba. Sai ya ɗaga murya yana yi wa jakin magana.

"Kai jaki, ka taɓa ganin an yi rami bisa tudu da bazara? Rairayi ba ya riƙe baki. Mai son rami gangarawa yake wajen aduwa, inda ƙasa ke da jiki."

Na juya zan ce masa in yana da magana ya faɗa wa mutane, sai Iya ta mintsine ni a cinya, mintsinin da har yau in na tuna sai in shafa wurin. Ta miƙe ta kakkaɓe zanenta ta ce, "Ku kwashi kaya mu gangara, nan ba inuwa."

A fakon ƙasa ta nuna mana halinta. Na ɗaga dagi na buga, ya yi tsalle ya dawo, hannuna ya amsa har kafaɗa, abin da ya fita bai cika cokali ba. Baffa kuma sharar gonarsa ta gangaro da shi daidai inda muke, iyakar gamba kawai tsakani.

"Jaki, ƙasa in ta yi taurin kai ba a faɗa da ita. Ruwa ake ba ta, a jira ta sha, a kankare, a ƙara mata." Ya dafa bayan jakin. "Kai ma kayan nan sun yi maka nauyi. Bari in rage maka."

Ya sauke bidon biyu ya ajiye a kan iyaka, ya koma ya ci gaba da jan karansa. Amaryar nan ta je ta jawo su. Ba su isa ba, sai mata suka ruga gida kowa ta juyo abin da ke randarta, ruwan da aka tanada don sha da tuwon dare. Muna zubawa, mu jira, in sassara da dagi, su kwashe da felu. A hankali na gane yadda ake sakin dagin ya faɗi da nauyinsa, ba sai ka tura ba. Wurin da hannun Baba ya goge ƙarfen ya yi santsi, nan hannuna ya zauna.

Da ramin ya kai cinya, muna shirin ci gaba da nutsawa haka da faɗinsa, jaki ya sake shan karatu.

"Wanda bai sani ba cewa yake kabari rami ɗaya ne. Biyu ne, uwa da ɗa. In uwa ta kai cinya sai a tsaya. A tsakiyarta ake yanka ɗan, siriri, daidai kafaɗar mutum in ya kwanta a gefe. A bar gaɓa dama da hagu, nan itace ke zama, don kada ƙasa ta faɗa wa mutum a fuska."

Muryarsa ta karye a wajen fuska. Ya yi tari, ya zagi jakin wai ya taka masa ƙafa, alhali jakin bai motsa ba.

Na ji haushinsa a lokacin fiye da na maigari, fiye da na yaran da suka sa wuta. Ga mutum ya san kome, wansa ne ke kwance, ƙafarsa lafiya lau, amma layin ciyawa ya gagare shi tsallakewa. Na kuma ji tausayinsa, abin da ya ƙara ba ni haushi ke nan, don ban so in ji ba. Na sa duka a kan dagin. Ni na yanka ɗan kabarin daga kai har ƙafa, ina gwadawa da karan Iya, ina gyara bango da bakin fartanya har ya yi sumul. Da na ɗago, inuwar aduwa ta riga ta miƙe gabas.

Saura itacen rufi. Damargu ba ƙasar itace ba ce, kuma ba mu da lokacin sara. Dattijo makaho ne ya tuna mana da sandunan da Baba ya zaro daga toka, suna nan jingine a bayan rumbu. Muka sassare su gajeru da gatari, hannuwanmu suka yi baƙi ƙirin.

Makarar gari a masallaci take, ba mu ma tambaya ba. A kan gadonsa na kara muka ɗora shi, muka ɗaure da igiya. Na ce wa Iya ta tsakiyar gari za mu bi, ta gaban kowa, su gani da idonsu. Wasu matan suka ce a'a, mu zagaya ta bayan gari kada a ce tsokana muke.

Iya ta ce, "Ba za mu nemi kowa ba, ba kuma za mu ɓuya wa kowa ba. Wace hanya yake bi in za shi gona?"

Hanyar kuwa ta tsakiyar gari ce, ta gaban rumfar mahauta da bakin masallaci. Muka ɗauke shi a ka, ni a gaba ta dama. Dattijo makaho na biye, ya dafa kafaɗar Iya. An idar da sallar la'asar ke nan, maza na zaune a waje. Matan suka ɗauki waƙa, ba da ƙarfi ba, kuma wannan karon na yi. Ban sunkuyar da kai ba. Na dubi kowa a ido, ɗaya bayan ɗaya. Wasu suka tashi suka shige gida. Wani yaro cikin masu wutar nan ya juya yana gyaran takalmi. Amma tsofaffi biyu ko uku suka miƙe tsaye kamar yadda ake yi in gawa za ta wuce, suka tsaya har muka ba su baya. Ta kan katanga ina jin kukan mata, maƙwabtanmu, waɗanda ba su iya fitowa ba. Da muka fita gari na waiga, sai na ga ƴan maza na biye da mu daga nesa, ba su matso ba, ba su kuma koma ba.

Muka sauke gadon a bakin kabari. Dattijo makaho ya yi addu'a gajeruwa, ya faɗi abin da ya haddace daga Littafi a kan tashin matattu. Sai aka zo wurin da ba mu yi tunaninsa ba. Dole wani ya sauka ciki ya karɓi gawar. Ɗa ne ke sauka, ko ƙane. Ban tsaya shawara ba, na ɗaure zanena tamau na dira, na sa ƙafa ɗaya a gaɓar dama ɗaya a ta hagu.

Matan suka kama Baba za su ɗago, amma hannuwansu sun mutu da aikin wuni, kuma ba su san ta inda ake kamawa ba. Kansa ya langaɓe, amaryar ta yi ƙara. Daga cikin ramin ba na ganin kome sai ƙafafu da sama. Sai na ji ana taka busasshiyar gamba, ƙaras ƙaras, na ga ƙafafun namiji sun tsaya a bakin kabarin.

Baffa ya leƙo. Gemunsa ya jiƙe sharkaf. Mazan nan na tsaye can baya suna kallonsa, ya kuma san suna kallo.

Ya ce, "Fito, ɗiyata. Mace ba ta shiga kabari."

Na ce, "Tun hantsi nake ciki, Baffa."

Bakina cike yake da sauran magana, ta shekaru, na tanade ta tsaf, kuma ga shi ya kawo kansa. Iya na tsaye a bayansa, ba ta yi mini ko alama ba, ta bar ni da kaina. Na dubi farin ƙyallen da ke kan gadon kara. Ba zan fito ba, wannan kam ko garin duka ne ya taru. Amma sauran maganar na haɗiye ta, ta wuce da ƙyar kamar busasshen tuwo.

Na miƙa hannuwana sama na ce, "Miƙo mini shi."

Sai ya tuɓe takalmansa, ya durƙusa, ya zura hannu ɗaya ƙarƙashin wuyan wansa, ɗaya ƙarƙashin ƙugu, ya ce wa matan su kama ƙafafu. Ya ɗago shi ya rungume a ƙirji, ya daɗe a haka fiye da yadda aikin yake bukata. Sannan ya sunkuyo.

"Tallabi kan. A hankali. Karɓi Yaya."

Na karɓe shi. Bai fi damin hatsi nauyi ba. Na sunkuya da shi, na kwantar da shi a gefensa cikin ƙasar gonarsa, na gyara masa ƙyallen a fuska. Kabarin ya yi masa daidai.